Tabon da Ya Gagari Surukina

Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu. Tun ranar sadakar uku nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, har ruwan Kwara ya janye daga fadamun Kaoje ban sa harafi ɗaya a takarda ba. Ba abin faɗa na rasa ba. Tsoro nake ji. A cikin labarin akwai magana guda da mamacin ya ɗaure bakina a kanta, kuma akwai wata baiwar Allah da bai kamata maganar ta kai kunnenta ba har ta koma ga Mahaliccinta. Saboda haka ba zan kama sunan kowa ba. Wanda ya gane mu, ina haɗa shi da Allah ya karanta a zuci, kada ya buɗe murya a zaure ko a gindin bishiya kamar yadda aka saba yi wa jarida a garinmu. Ita ba ta san boko ba, amma kunnenta garau yake.

Abu biyu suka rinjaye ni. Ba na son a manta da shi, ko a tuna shi a karkace. Sannan ina neman taimako, na kuma rasa ƙofar da ban buga ba. Zan faɗi irin taimakon in na kai ƙarshe.

Mamacin surukina ne, mahaifin matata ta fari. Baba nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Matarsa kuwa, surukata, Inna.

Ranar da muka kai shi makwancinsa mutane sun zo daga inda ban zata ba. Direbobi sun ƙetaro iyaka daga Dahome suna gaisuwa da Dendanci. Masunta sun bar taru a bakin ruwa. 'Yan shinkafa sun zo daga Lafagu da Matsinkai. Wata tsohuwar Bafillata ta tako daga ruga, ta tsaya a ƙofar gida tana ta maimaita cewa shi ya ɗauki ɗanta ranar da maciji ya sare shi. Amma abin da na lura, duk wanda ya shigo zaure ya durƙusa ya yi gaisuwa, kafin ya tashi sai idonsa ya zame zuwa kusurwa. A can kujerar baya ta wata mota take jingine da bango, an rufe ta da tsohuwar tabarma. Wani baƙo daga Bagudo bai san zance ba, ya ga wuri mai taushi ya nufe shi zai zauna. Mutane suka cafke hannunsa gaba ɗaya.

“Ba nan ba, Malam. Ga buzu.”

Sai ga taubashin Baba, wani tsoho da ba ya da haƙori ko ɗaya, wanda tun suna yara suke zagin juna. Ya dogara sanda har kusurwar, ya ɗaga bakin tabarmar ya leƙa.

“Kai, rago!” in ji shi. “Ka gudu ka bar aiki. Shekara da shekaru kana gurzar abu guda. Ko jakina anka ba soso da ya gama.”

Aka ɗan yi dariya, don wasan taubasai ko a gaban gawa ba a hana shi. Ya saki tabarmar. Sai ya sulale ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga, ya yi ta kuka har sai da aka ɗauke shi cak aka fitar. Mai motar da Baba ya yi wa tuƙi, wani attajirin shinkafa, ya girgiza kai ya ce, “Ban taɓa ganin tabon da yag gagare shi ba, sai wanga.” Kowa ya ce haka ne. Wannan ita ce maganar da na ji tsoron ta zama ita ce sunansa bayan ransa, mutumin da tabo ya gagara. Ba su san komai ba.

Baba asalinsa ɗan wanki ne. Tun yana saurayi ya ƙetara iyaka zuwa Kandi ta Dahome, ya yi wa wani Bafaranshe mai kanti wanki da guga, daga baya ya koyi wanke motarsa, daga wanki ya koyi tuƙi. Shekarar da aka samu mulkin kai, can da nan, Bafaranshen ya tattara ya koma ƙasarsu. Attajirin garinmu ya sayi motar, Baba kuma ya biyo ta gida kamar yadda uwar goyo ke bin amarya. Ƙaramar mota ce baƙa. Kujerunta na yadi ne, toka-toka mai ɗigo-ɗigon fari, shi ya sa yara suka sa mata suna Zabuwa. A wancan lokaci, a gefenmu na kogi, in ka cire manyan motocin kaya da ke zuwa jefi-jefi, ita ce mota.

Ƙasarmu kuwa ba ƙasar kujerar yadi ba ce. Mu mutanen laka ne da kifi da manja da goro. Baba ya sani, don haka kafin ka shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ka daga hula zuwa takalmi kamar ɗan doka. Mai goro a baki ya tofar tukuna. Kwandon kifi ya hau sama. Taubashinsa ya taɓa shiga da gangan da ƙafa cike da lakar fadama, ya murza ta a kan kujera yana waƙa. Mun zaci Baba zai ruga ya ɗebo ruwa. Ko motsi bai yi ba.

“Bar ta ta bushe,” ya ce. “Laka awa tsohon banza take. In ka taɓa ta tana ɗanya, ta bi ka har gida.”

Da ta bushe ya bubbuga ta da tsumagiya, ya share da buroshi, ta tashi kamar ba ta taɓa zama ba.

Na sha tsayawa ina kallon aikinsa a gindin tsamiyar bakin ruwa. Ba ya zuba wa kujera ruwa. Yakan ce cikinta auduga ce, in ta sha ruwa sai ta yi fumfuna ta yi ta wari har damina ta zagayo. Sabulun salo yake kaɗawa a ƙwarya har ya yi kumfa, ya ɗebi kumfar kaɗai da tsumma. “Kumfa ka wanki, ba ruwa ba,” in ji shi. Ba ya gurzawa, dannawa yake yi yana ɗagawa, daga bakin tabo zuwa tsakiyarsa, don kada ya ba shi hanyar gudu. Manja ko baƙin mai, sai ya barbaɗa farar ƙasa ko dusa mai laushi ya bar ta ta tsotse. Goro, lemun tsami da gishiri. Duk wani sabon magani sai ya fara gwada shi a ƙarƙashin kujera inda ido ba ya kai. In ya gama ya buɗe ƙofofi duka a inuwa, ya zauna yana jan carbi har ta sha iska. Ya kan ce tabo baƙo ne, in ka tarbe shi da wuri ya kwana ɗaya ya wuce, in ka yi banza da shi ya gina ɗaki.

Wata rana aka kawo wani masunci da ƙugiya ta yage wa hannu. Bayan an kai shi an dawo, kujerar gaba ta ɓaci da jini. Wani daga cikin masu kallo ya ce a ɗora ruwa a wuta. Baba ya juyo kamar an zagi uwarsa.

“Wuta? Jini nama ne. In ka sa mishi zahi ya dahu cikin zare, shi ke nan, sai dai ku rabu da yadin. Ruwan randa da gishiri, shi kaɗai.”

Ina wurin na ji wannan da kunnena. Da ma ban ji ba.

Farkon abin da ya shiga tsakanina da shi tabo ne. Ranar da aka kai ni gaishe shi ina neman ɗiyarsa, na sa farar rigata guda ɗaya tak, na maƙala alƙalami a aljihu don a san na yi elementare. Tsoro da zufa suka sa ban lura tawada ta zubo ba. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ji ya ce yana duban bango, “Malam, rigarka ta yi rubutu.” Na so ƙasa ta tsage. Bai yi dariya ba. Ya shiga ya fito da tasa rigar, ya ce in bar tawa. Washegari aka kawo mini ita fara fes, tana ɗan ƙanshin nono, don da nono da lemun tsami ya cire tawadar. Daga ranar Malam yake ce mini, har ya bar duniya.

Matata ita ce ɗiyarsu ta fari. Inna tana da jinin Fulani ta wajen uwa, kunyarta ta ɗan fari kuwa ta wuce ta kowa a unguwar. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba. “Waccan” take cewa, ko “ke”. Matata ta taɓa gaya mini tana dariya cewa ta girma ba ta san ɗumin cinyar uwarta ba, amma ba ta taɓa buɗe akushinta ta rasa tsoka a ɓoye a ƙarƙashin tuwo ba.

Da cikinta ya tsufa aka zo aka ɗauke ta zuwa gidansu, yadda ake yi wa mai cikin fari. Ni kuma na yi abin da ya hau kaina. Na sari itacen wankan jego na jibge a bayan ɗakin Inna har ya kusa kai tsayin danga.

Naƙuda ta zo tsakiyar damina, Baba kuma ya kai mai motar wani ƙauye ruwa ya tsare su. Abin ya yi tsawo. Ungozoma ta fito ta ce ita dai ba ta gane wannan kwanciya ba. Inna tana zaune a tsakar gida ta ba ɗakin baya, tana tsintar tsakuwa a shinkafa, don uwa ba ta shiga wurin haihuwar ɗiyar fari. Ta ce, “A ƙara haƙuri, ta hwari haka take.” Ba mugunta ba ce, Allah shi ne shaida. Haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta.

Baba ya iso da hantsi. Ya ji bayani daga bakin ungozoma, bai ko cire hula ba ya ce a fito da ita. Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar ungozoma, ni ina gaba. Asibitin da ya fi mana kusa a mota yana tsallaken iyaka. Inna ba ta fito ƙofa ba. Da muka tashi na hangi hayaƙi ta saman danga. Ta ɗora babbar tukunyar wanka, don in mun dawo da mai jego mu tarar da ruwa ya tafasa.

Gab da iyaka wani rafi ya kawo, ya shafe hanya. Baba ya tuɓe riga ya shiga ya gwada, ruwa ya kai masa ƙirji. Ya fito ya sake shiga ta wani gefe. Ya fito. Muka tsaya muna duban ruwa, ruwa yana wucewa. A nan jini ya ɓalle mata. Ban juya ba, ban iya ba. Na dai ji muryarta ƙasa-ƙasa tana tambayar ungozoma.

“Inna ta leƙo da munka hito?”

“Ba ta leƙo ba, ɗiyata. Kin san kunya.”

“To,” in ji ta.

Ba ta sake magana ba. Ita da abin da ke cikinta suka tafi tare. Ni dai ban ji fushi a wannan “to” ɗin ba. Na juya shi a kaina iya juyawa, ban ji ba.

Mun dawo bayan azahar. Baba ya tsayar da motar a bayan gida wajen ƙaramar ƙofa, aka shiga da ita, shi kuma ya wuce gidan liman. Ni na zauna a ƙasa jikin taya. Ina nan sai ga Inna ta fito da tukunya, ta riƙe ta da bakin zane. Ba ta gan ni ba, ko ta gan ni ba ta san mutum ne ba. Ta buɗe ƙofar baya ta juye ruwan nan mai tafasa a kan kujera, ta sa tafin hannunta tsirara tana gurzawa. Ba kuka take ba. Sunan ɗiyarta take kira, a hankali, tana maimaitawa. Ranar na fara jin sunan a bakinta, ban kuma sake ji ba.

Baba ya kewayo kwana ya ga tururi na fita ta tagar mota. Ya tsaya cik. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga ya rufe. Ya dube ni, dubar da har yau in na rufe ido ina ganinta. Sannan ya je ya karɓi tukunyar daga hannunta, hannun duk ya saɓule.

“Ya isa,” ya ce. “Kin yi naki. Saura nawa.”

Da kujerar ta bushe, tabon ya koma baƙi-baƙi kamar tsohon lalle, faɗinsa ya fi faifai. Mata suka ƙi shiga motar. Mai motar ya sa aka cire kujerar, badukai suka yi wata da katako da fata, ya ce a ƙone tsohuwar. Inna ta aika a kawo mata ita gida. Kafin nan ungozoma, ba da wata manufa ba, ta riga ta gaya mata maganar ƙarshe. Inna ta haɗa biyun ta yanke wa kanta hukunci.

“Jinin da yaƙ ƙi hita, mai shi na da magana,” ta ce wa Baba, ina jin ta daga bayan zana. “Ta tahi da hushina. Kai da ka hidda shuni ga farar riga, jinin ɗiyarka ba ya gagarar ka sai in ita ta hana. Ranar da yah hita, ta yahe mani.”

Liman ya zo da kansa ya ce mata wannan ba ya cikin addini, mamaci ba ya riƙe yadi. Ta ce, “Na ji, Malam.” Ba ta sauya ba. Matan unguwa babu wadda ta ga kuskure, don a wurinsu duk abin da ya shafi haihuwa da ruwan zafi ake yin sa. Mazan da suka taɓa jin karatun Baba a bakin ruwa kuwa ba su san an zuba ba. Mu biyu kaɗai muka san duka ɓangarorin.

Daga nan kujerar ta zauna a zaure, Baba ya hana kowa taɓa ta. Duk ranar da ba ya kan hanya, da ya karya kumallo sai ya janyo ta bakin ƙofa inda haske yake. Ya gwada gishiri da ruwan randa, ko da ya san lokacinsu ya wuce. Ya gwada kanwa, ya gwada ruwan toka, ya gwada lemun tsami, ya gwada ƙaron ɗanyar gwanda, ya gwada maɗaciyar bijimi da mahauta suka ajiye masa. Direbobi suka kawo masa wani ruwa daga Kwatano mai warin asibiti, ya ɗiga a ƙasan kujera, ya ga ya cinye launi ya fara cin zare, ya zubar da shi a rami. In ya daɗe yana aiki sai a ji muryar Inna daga ciki.

“Ya rage?”

Sai ya sunkuya ya nemi gefen da ya fi dusashewa, ya dube shi da kyau, sannan ya amsa. “Ya rage kaɗan.” Bai taɓa yarda ya amsa ba tare da ya duba ba. Ina jin don kada ta zama ƙarya.

A gari kuwa sunansa ya zube. Masu kawo masa manyan riguna su cire musu tabo suka ja baya. Na ji da kunnena ana cewa hannunsa ya mutu, wasu suka ce da ma Nasara ne ke da sirrin. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Bai faɗe ta ba. Mai motar ya tausaya masa, ya ce zai sa a nemo yadi irinsa a ɗinka a ɓoye, a ce wa tsohuwa ya fita. Baba ya ce, “Shiru ba ƙarya ba ne. Musanya ƙarya ce. Kuma ta san inda sigarin Nasara yaƙ ƙona, ta san kowane zare.”

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi, a kan wannan ne. Na ga Inna tana ramewa, ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Na kwana biyu ina shirya magana a raina, don suruki ba abokin gardama ba ne. Na same shi a gindin tsamiya yana wanke mota, na durƙusa nesa kaɗan.

“Baba, in ka yarda in yi magana.”

“Yi, Malam.”

“Inna tana cin kanta a banza. Ta ɗauka fushi ne. Ni da kai mun san ruwan zafi ne. In aka gaya mata sai ta huta.”

Ya ci gaba da matse tsumma. Can ya ce, “Kai da ka yi makaranta, hwaɗa mani. Yanzu mi take jira?”

“Ya fita.”

“To tana da abin jira. In na ce mata ruwan zahi ne, na ce mata ba ya hita har abada. Na kuma ce mata hannunta yad dahe shi. Ta ba ɗaki baya, wannan tana ɗauke da shi. Abu guda da ta samu ta yi ma ɗiyarta duk duniya shi ne ruwan ga. Shi ma in ce shi yaɓ ɓata? Ƙaya za ka cire mata da mashi?”

“Amma Baba, gaskiya ai…”

“Gaskiya!” Ya jefa tsumman cikin ruwa. “Ni na zauna da ita tun ba a haihe ka ba. In ka sake tada zancen ga, kak ka ƙara taka zaurena.”

Har aka yanke shinkafa aka sussuke bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Ni kuma kullum ina auna maganata da tasa, yau in ga tawa ta fi, gobe in ga tasa. Har yanzu da nake rubutu ban san wanda ya yi daidai ba.

Shi ya gyara tsakaninmu, ba da baki ba. Na sake aure, da izininsa. Da watan haihuwar matata ya kama, na fito da safe na tarar da Zabuwa a ƙofar gidana, Baba yana zaune a kan dakali. Ya roƙi mai motar kada a yi doguwar tafiya har a sauka. Bai dube ni ba ya ce, “Gaya ma tsohin gidanku babu kunya ga wanga abu. In ta ce wash, a sa ta mota.” Allah ya sa ta sauka lafiya a ɗaki. Ranar suna ya zo ya shafa kan yaron, ya fita da sauri.

Kanwa da toka sun tsattsage masa hannu, yatsunsa suka ƙage har sitiyari ya fara yi masa wuya, ya bar tuƙi. Bai bar kujerar ba. Daminar da ta wuce ruwa ya dake shi, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi. Ranar ƙarshe da na same shi da magana, bayan azahar ne, ya sa an shimfiɗa masa a zaure yana fuskantar kusurwa.

“Malam, na bar maka abu biyu. Kujera da bakinka.”

“Baba, ni ban iya ba.”

“Ni ma ban iya ba. Ka dai riƙa zuwa kana taɓawa, ta riƙa jin motsi.” Ya huta, ya ƙara da cewa, “In ka ji sabon abu, gwada shi ƙasa tukuna.”

Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta, ya wanke shi fiye da yadda ya wanke na mutane.

Bayan arba'in na ɗauki ƙwarya da sabulu na nufi gidan don in cika alkawari. Na tarar da kusurwa wayam. Inna ta sa an shigar da kujerar ƙofar ɗakinta, inda take zaman takaba. Na yi sallama daga bayan zana, na faɗi abin da ya kawo ni.

“Allah shi yi maka albarka,” in ji ta. “Koma wurin iyalinka. Shi, Allah shi ji ƙanshi, ya yi ta sanyi-sanyi da abin, ban so in ce mishi komi ba don aikinshi ne. Jinin haihuwa ruwan zahi yaka so, kowace mace ta sani. Bar mani.”

Na tsaya da ƙwarya a hannu. Bakina ya buɗe, ya rufe, kamar nasa.

Tun ranar, kowace safiya tana ɗora tukunya. In na zo gaisuwa ina ganin tururi ta saman zana, ina jin ƙarar gurza. Ita ba ta dannawa, gurzawa take yi da soso. Na samu na leƙa rannan da ta shiga alwala. Tabon yana nan yadda yake, yadin ne ya kusa ƙarewa. Ya yi shara-shara, ana hango audugar ciki. Ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta gaya wa matata ta yanzu, cewa in ya yage bai fita ba, to ɗiyarta ta ƙi ta ke nan, haka za ta je ta same ta. Abincinta yanzu bai fi na yaye ba.

Ga roƙona ga masu karatu. Direbobi, 'yan wanki, marina, teloli, waɗanda suka yi aiki a gidajen Turawa, waɗanda ke wanke zannuwan asibiti, daga Yelwa har Birnin Kebbi, daga Kandi har Kwatano, ko akwai wanda ya san abin da ke fitar da jinin da ruwan zafi ya dafa a cikin yadi, ba tare da ya cinye yadin ba? Yadin mai kauri ne a da, ina zaton akwai ulu a ciki, amma ban tabbata ba. Na faɗi abin da aka riga aka gwada, kada a maimaita mini shi. Kada a ce in binne, ko in ƙone, ko in rina, ko in musanya. Wanda ya san wani abu kada ya aika gidan. Ya ba kowane direba da ke bi ta Kaoje, ya ce a kai wa surukin direban Zabuwa, hannu da hannu. Wanda kuma ya tabbata babu magani, shi ma ya gaya mini, ni kaɗai, in san abin da nake ɗauke da shi.

Amma don Allah a hanzarta. Jiya ta aiko in saro mata itace, nata ya ƙare. Gatarin yana jingine a ƙofar ɗakina tun jiya, ban ɗauka ba, ban kuma aika na ce a'a ba.